Adrian Mutu: ɗan wasan da aka ɗora wa bashin kuɗin sayensa

A cikin ƙwallaye 103 da Adrian Mutu ya ci a gasar Siriya A ta Italiya, 68 ya ci su ne a hannun koci ɗaya, Cesare Prandelli, cikin wasanni 123. Sauran 35 ɗin sun warwatsu a wasanni 148, a hannun masu horarwa da suka haɗa da Marcello Lippi da Fabio Capello. Wannan lissafi ya isa ya nuna irin ɗan wasan da yake: idan aka gina ƙungiya a kansa sai ya haskaka, idan aka jefa shi cikin jerin taurari sai ya dusashe. Amma akwai wani adadin da ya fi bin sunansa, wato Yuro 17,173,990, diyyar da FIFA ta ce ya biya Chelsea. Ba a gane tarihin wasan Mutu sai an gane yadda aka kai ga wannan kuɗi, domin laifin nasa ne, amma farashin wasu ne suka yanka shi a teburin da bai zauna ba.

An haife shi ranar 8 ga Janairun 1979 a yankin Arges na Romaniya. A ƙungiyar Arges Pitesti ya fara, daga nan Dinamo ta birnin Bukares ta ɗauke shi, ya ci ƙwallo 22 a wasanni 33 na lig. Inter Milan ta saye shi a farkon 2000, a lokacin da take da Ronaldo da Vieri da Baggio da Zamorano da Recoba. Ga kuma ƙa'idar da ta taƙaita yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba, Romaniya kuwa ba ta shiga Tarayyar ba sai 2007. Wasa goma ya buga a lig, bai ci ko ɗaya ba. Verona ce ta ba shi filin da ya koyi ƙwallon Italiya, ƙwallo 16 cikin kaka biyu, har ta faɗa rukuni na biyu a 2002 ya koma Parma.

Ya kamata a tsaya a kan yadda yake wasa, don mutane da yawa suna kiransa lamba tara, wato ɗan gaba na tsakiya, alhali ba shi ba ne. Ƙafar dama ce ƙarfinsa, amma daga gefen hagu yake tasowa. Wurin da ya fi so shi ne ratar da ke tsakanin mai tsaron baya na dama da na tsakiya. Yana karɓar ƙwallo a nan, ya juyo ciki, sai ɗaya cikin uku: ko ya yi bugun lanƙwasa zuwa kusurwa mai nisa, ko ya yi ba-ni-in-ba-ka da ɗan wasan gaba, ko ya ja a yi masa ƙeta a bakin da'ira, bugun tazarar kuma shi ne mai buga shi. Kafin wannan tsari ya yi aiki sai an tanadar masa abubuwa uku. Ana buƙatar ƙaƙƙarfan lamba tara da zai riƙe masu tsaron tsakiya biyu, don kada ɗayansu ya fito ya tare shi. Ana buƙatar mai tsaron baya na hagu da zai riƙa hawa ta bakin layi yana jan abokin hamayya waje. Sannan ana buƙatar ɗan tsakiya mai huhu da zai rufe gefen hagun idan an ƙwace ƙwallo, domin Mutu ba mai dawowa tsaro ba ne. Idan ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, ko dai a rufe shi, ko kuma a riƙa kai wa ƙungiyarsa hari ta bayansa.

A Parma Prandelli ya ba shi duka. Adriano na Brazil yana tsakiya, Hidetoshi Nakata yana dama, Mutu yana hagu. Ya ci 18 a wasanni 31, Adriano ya ci 15, Parma ta ƙare ta biyar. Kaka ɗaya tak, sai ga attajirin Rasha Roman Abramovich ya sayi Chelsea a bazarar 2003 yana kwasar 'yan wasa: Crespo, Veron, Duff, Makelele, Joe Cole, Geremi na Kamaru. Aka biya Parma Yuro miliyan 22.5, kimanin fam miliyan 15.8, a kan Mutu, ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar. Waɗanda suka fara son Chelsea tun zamanin Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, za su tuna farkon zuwansa: ya ci Leicester a wasansa na farko, ya ci Blackburn, ya zura wa Tottenham biyu. Ƙwallo huɗu a wasa uku. A sauran wasanni 24 da ya buga wa Chelsea a gasar Firimiya, biyu kacal ya ƙara.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Claudio Ranieri yana juya 'yan gaba huɗu, Crespo da Hasselbaink da Gudjohnsen da Mutu, kusan kowane mako da sabon haɗi, ga Damien Duff ya riƙe gefen hagun da Mutu ya saba shiga. Sai ya zama ɗan gaba na biyu da ke juya wa raga baya yana kokawa da manyan masu tsaron Ingila, abin da bai taɓa zama gwaninsa ba. Da Jose Mourinho ya zo a 2004 aka kawo Drogba da Kezman da Robben, kuma tsarinsa bai da wurin ɗan gefen da ba ya gudu baya. Wasa biyu Mutu ya buga masa a lig. A Oktoban shekarar suka yi sa-in-sa a bainar jama'a, don Mourinho ya ce yana da rauni, shi kuma ya tafi ya buga wa Romaniya wasan neman gurbin Kofin Duniya da Jamhuriyar Cek.

A ranar 1 ga Oktoban 2004 aka yi masa gwajin ƙwaya na musamman, ba na ƙuri'a ba, aka sami hodar iblis a jikinsa. Bai musa ba. Ranar 28 ga watan Chelsea ta soke kwantiraginsa. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wata bakwai tare da tarar fam 20,000, FIFA ta faɗaɗa dakatarwar ta shafi duniya baki ɗaya. Ba shi ne na farko da Chelsea ta kora a kan hodar ba. Ta kori mai tsaron raga Mark Bosnich kafin shi, amma Bosnich kyauta ya zo daga Manchester United, babu kuɗin sayen da za a ce an yi asara. Mutu kuwa da miliyan 22.5 a kansa, a nan bambancin yake.

Wanda bai saba da dokar ba zai ce, ai kulob ɗin ne ya kore shi, me kuma yake nema? A shari'a ba a duba wanda ya rubuta takardar sallama, ana duba wanda ya fara karya alkawari. Kwamitin ɗaukaka ƙara na gasar Firimiya ya yanke a Afrilun 2005 cewa shan hodar karya kwantiragi ne daga ɓangaren Mutu ba tare da wani uzuri ba, korar kuma amsa ce kawai ga abin da ya aikata. Kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne a Suwizalan, wadda aka fi sani da CAS, ta tabbatar da haka a Disamban shekarar. Ya kuma faɗo cikin abin da dokar FIFA ke kira lokacin kariya, wato shekara uku na farkon kwantiragi ga wanda ya sa hannu bai kai shekara 28 ba. Mutu yana da 24 ya sa hannu, kuma wata goma sha huɗu da 'yan kwanaki kawai ya yi.

Ga yadda aka yi lissafin. A littafin kuɗin kulob, kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi a matsayin kashewar rana ɗaya. Ana ɗaukarsa kadara, a raba shi daidai a kan tsawon kwantiragin, kowane wata a zaftare wani kaso. Yuro miliyan 22.5 a raba wata 60 ya ba da Yuro 375,000 a wata. Daga Nuwamban 2004 zuwa ƙarshen Yunin 2008, lokacin da kwantiragin zai ƙare, wata 44 ne. Wata 44 sau 375,000 ya kama Yuro miliyan 16.5. Aka ƙara Yuro 307,340, ragowar kuɗin sa hannu da aka ba Mutu, da Yuro 366,650, ragowar ladan dillali. Jimla 17,173,990. Sashen sasanta rikici na FIFA ya yanke wannan a 2008, CAS ta amince da shi ranar 31 ga Yulin 2009, kotun ƙoli ta Suwizalan ta yi watsi da ƙararsa a 2010. An kuma ɗora kuɗin ruwa kashi biyar cikin ɗari a shekara, wanda shi kaɗai ya haura Yuro 850,000 duk shekara.

A kwatanta da albashinsa. Fam miliyan 2.35 ne a shekara kafin a cire haraji. Da ya cika wata 44 ɗin da suka rage, abin da zai karɓa bai kai fam miliyan 9 ba, kuma mai karɓar haraji zai yanki nasa. Ke nan an ce ya biya fiye da duk abin da zai samu da bai yi laifin ba. Kashi 96 cikin ɗari na bashin kuɗi ne da ya fita daga aljihun Chelsea ya shiga na Parma, Mutu bai taɓa shi ba, ba shi ya yi cinikinsa ba, kuma ya yi tsada ne saboda a bazarar 2003 duk wanda ya ga Abramovich a kasuwa ƙara farashi yake yi. Da wani ɗan wasan da ya taso daga makarantar Chelsea ne ya yi irin wannan laifi, da babu ko kwabo na kuɗin saye da za a bi shi. Laifi ɗaya, kwantiragi iri ɗaya, amma hukuncin ya dogara ga yadda wasu attajirai biyu suka daidaita. Wannan ne gurguncin tsarin. A Janairun 2008 ma CAS ɗin ta yanke wa Andy Webster, wanda ya bar Hearts ya koma Wigan bayan lokacin kariyarsa ya wuce, diyyar fam 150,000, wato ragowar albashinsa kawai.

Dole a faɗi hujjar Chelsea ma, don ba ta banza ba ce. Kulob ya zuba kuɗi a kan ɗan wasa don ya more shi shekara biyar, ɗan wasan ya san an zuba, sannan da hannunsa ya mayar da kansa wanda ba zai iya taka leda ba. Dokar Ingila, wadda ita ke hukunta kwantiragin, ta yarda wanda aka karya wa alkawari ya nemi abin da ya kashe bisa dogaro da alkawarin. Lauyoyin Mutu sun ce ai Chelsea na iya riƙe shi wata bakwai ta sayar da shi ta rage asara. Kotun ba ta karɓa ba, ta ce ba a tilasta wa wanda aka saɓa wa ya ci gaba da riƙe wanda ya saɓa masa. A shari'ance hujjar ta zauna. Abin da ya biyo baya ne ya nuna inda adalci ya yi rauni.

A Janairun 2005, dakatarwar ba ta ma ƙare ba, Juventus ta ɗauke shi kyauta. Da yake gurbinta na sabon ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba ya cika, sai Livorno ta fara yi masa rajista, bai buga mata ko minti ɗaya ba, ta miƙa shi ga Juventus. Dabara ce da ƙungiyoyin Italiya suka daɗe suna yi, domin ƙa'idar ta fi tsananta a kan wanda ke shigowa daga waje fiye da wanda ke sauya kulob a cikin gida. Capello yana da Trezeguet da Ibrahimovic da Del Piero, don haka sau da yawa a gefen 'yan tsakiya yake sa Mutu. Ya ci bakwai a lig. Da badaƙalar alƙalan wasa ta 2006 ta jefa Juventus rukuni na biyu aka kuma ƙwace mata kofuna biyu, ta sayar da shi ga Fiorentina a kan Yuro miliyan 8. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Chelsea da asara, Mutu da bashi, Juventus da riba a kan ɗan wasan da ba ta biya komai ba.

A Fiorentina ya sake haɗuwa da Prandelli, aka maido masa da abubuwa ukun nan. Luca Toni a gaba, daga baya Pazzini da Gilardino, Manuel Pasqual yana hawa ta hagu, Liverani da Montolivo suna raba ƙwallo a tsakiya. Ƙungiyar ta buga kakar 2006 zuwa 2007 da cirewar maki 15, amma ta ƙare ta shida, Mutu da ƙwallo 16 da kyautar Guerin d'Oro ta ɗan wasan da ya fi kowa matsakaicin maki a gasar. Kaka ta gaba ya ci 17, Fiorentina ta yi ta huɗu, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin UEFA bayan ya zura wa PSV biyu a gidanta, kafin Rangers ta fitar da su a bugun fenareti. A kakar 2008 zuwa 2009 rauni ya takura shi, wasa 19 ya buga, duk da haka ya ci 13. Uku daga ciki a Genoa ne a Fabrairun 2009, an ci su uku da nema, shi kaɗai ya farke duka, na ƙarshen a cikin ƙarin lokaci. Shekarun nan uku su ne ainihin Mutu, kuma ya yi su ne shari'ar tana tafe a bayansa daga wannan kotu zuwa waccan.

A tsakiyar wannan ganiya ne gasar Turai ta 2008 ta zo. Romaniya ta tsallako a saman rukuninta na neman gurbi, gaban Holan, ta faɗa rukunin Faransa da Italiya da Holan ɗin. Ta yi canjaras da Faransa. Ranar 13 ga Yuni a Zurich, a wasa da Italiya, Zambrotta ya yi ƙoƙarin mayar wa mai tsaron ragarsu Buffon ƙwallo da ka, Mutu ya riga ya karanta niyyarsa, ya tsinke ya zura a minti na 55. Panucci ya farke nan take. A minti na 81 aka ba Romaniya fenareti. Mutu ya buga da ƙarfi amma kusa da tsakiya, Buffon da ya faɗi hagunsa ya taɓa ta da hannu ta bugi ƙafarsa ta fita. Da ta shiga kuma Romaniya ta riƙe, da ta sami maki huɗu, Italiya mai riƙe da Kofin Duniya kuma tana da sifili bayan wasa biyu. Holan ta ci Romaniya biyu da nema a wasan ƙarshe suka koma gida.

Dakatarwa ta biyu ta zo a Janairun 2010. Gwaje-gwajen da aka yi masa bayan wasan Bari a lig da na Lazio a Kofin Italiya sun nuna sinadarin sibutramine, maganin rage cin abinci da ake sa wa cikin magungunan rage ƙiba, wani lokaci ba tare da an rubuta a jikin kwalin ba. Ba hodar iblis ba ce, amma yana cikin jerin abubuwa masu ƙara kuzari da aka haramta ranar wasa, kuma ƙa'idar yaƙi da ƙwaya ba ta tambayar niyya kafin ta kama mutum: duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, niyya sai wajen rage hukunci. An ba shi wata tara. Ɗan wasan da ya taɓa faɗawa wannan rami bai da uzurin haɗiyar wani abu likitan kulob bai gani ba. Fiorentina ta riga ta yi ta ɗaya a rukuninta na gasar Zakarun Turai, gaban Lyon da Liverpool, sai ta fuskanci Bayern Munich babu shi, aka fitar da ita da ƙa'idar ƙwallon waje. Kafin ya dawo a ƙarshen Oktoba Prandelli ya tafi horar da tawagar Italiya, kuma Mutu bai sake komawa matsayinsa ba.

Sauran tafiyar gajeriya ce. Cesena, ƙwallo takwas, ta faɗi. Ajaccio ta Faransa, 11 a kakar farko. Petrolul Ploiesti a gida, Pune City a Indiya, sai Targu Mures inda ya yi ritaya a 2016. A tawagar ƙasa ya ci 35 a wasanni 77, daidai da Gheorghe Hagi wanda ya buga sama da 120. Ta 35 ɗin fenareti ce a kan Hangari a Budapest cikin Maris na 2013. Da ba don dakatarwa biyu da saɓaninsa da masu horar da tawagar ba, ciki har da korarsa a 2011 tare da Gabriel Tamas kan shan barasa gabanin wasa, da tarihin nasa ne shi kaɗai. Bai taɓa buga Kofin Duniya ba.

Shari'ar kuwa ta fi ƙwallon tsawon rai. Chelsea ta bi shi har Amurka, inda yake da gidaje a Miami, kotun tarayya a Florida ta amince da hukuncin CAS a 2012. A 2013 FIFA ta ce Juventus da Livorno su ɗauki bashin tare da shi, bisa ƙa'idar da ta ce sabon kulob yana tarayya da ɗan wasa wajen biyan diyya. CAS ta rushe wannan a Janairun 2015, ta ce an yi ƙa'idar ne don hana kulob zuga ɗan wasa ya gudu, Mutu kuwa korarsa aka yi, ya zama ba shi da kulob kafin kowa ya neme shi. Bashin ya dawo kansa shi kaɗai. Ya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai yana cewa biyu daga cikin alƙalan CAS ba za su yi masa adalci ba, ɗaya ya riga ya zauna a shari'arsa ta 2005, ɗayan kuma yana zargin ofishin lauyoyinsa da alaƙa da Abramovich. Ranar 2 ga Oktoban 2018 kotun ta ce bai kawo hujjar da ta gamsar ba.

Shekara shida bayan nan, ranar 4 ga Oktoban 2024, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Lassana Diarra, wanda Lokomotiv Moscow ta soke kwantiraginsa a 2014, FIFA ta ɗora masa diyyar Yuro miliyan 10.5, Charleroi ta Beljiyam kuma ta fasa ɗaukarsa don tsoron a haɗa ta da bashin. Kotun ta ce sassan dokar FIFA da suka shafi wannan diyya sun saɓa wa 'yancin ma'aikaci na neman aiki da kuma dokar gasa a kasuwa. Cikin abubuwan da ta soka har da saka ragowar kuɗin saye a lissafin diyya, domin nauyi ne da wasu suka ƙulla don amfanin kansu sannan a juye shi a kan ɗan wasa. FIFA ta fitar da ƙa'idojin wucin gadi a Disamban shekarar. Hukuncin bai shafi na Mutu ba, wanda aka rufe tun 2010. Lokacin da aka yanke shi yana da shekara 45, shekara takwas da barin fili.